Layin Shaida

Litinin, 3 ga wata, 7:10 na safe

Ban taɓa ajiye littafi irin wannan ba, amma idan ban rubuta ba zan mari wani, kuma wanda nake son in mara shi ne shugabana a wurin aiki.

Shekaranjiya Farfesa ya shiga gidan rediyo. Mai shirin ya tambaye shi me ɗakin gwajinmu ya gano, shi kuwa ya gyara murya ya ce launin da ke cikin karas da tumatir yana kashe ciwon daji na ƙwaƙwalwa, kashi tamanin cikin ɗari. Bai ce a faranti ba. Bai ce ƙwayoyin ƙari ne da muke kiwo a akwatin ɗumi ba, waɗanda ba su da jini, ba su da hanta, ba su da uwar da za ta yi kuka. Ya ce "mun gano". Mu wa? Mutumin da rabonsa da sa safar hannu tun ina sakandare. Ni na shuka ƙwayoyin nan, ni na ciyar da su wata goma sha huɗu, ni na ƙirga su har na fara ganin ɗigo-ɗigo a bango.

Har sunana ya ambata. Da ma bai ambata ba, domin a gidanmu an ji. Yaya yana da ƙari a kai, ta gefen hagu, kuma an ba shi ranar tiyata sha uku ga wata.

Litinin, 6:40 na yamma

Da na je gidan Yaya, na tarar da buhun karas a bakin ƙofar kicin. Anti, matar Yaya, tana ta markaɗe, injin yana kuka kamar zai tashi sama. Yaya na zaune a gaban kekensa na ɗinki da kofi a hannu. Tun ranar da na fara sa farar riga yake ce min Likita, ko da yake na gaya masa sau ɗari ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, ko allura ban taɓa yi wa mutum ba.

"Ga Likita! Ashe haka kika zama, ba labari? Sai a rediyo za mu ji?"

"Yaya, abin da aka faɗa ba haka yake ba."

Anti ta kashe injin ta ce, "Buhu guda na sayo. Mai karas har tambaya ta ya yi ko zomaye muka fara kiwo."

Na ce musu faranti daban, kan mutum daban. Na ce a faranti kai tsaye nake zuba abu a kan ƙwayoyin, amma abin da mutum ya sha sai ya bi ciki, ya bi hanta, ya bi jini, sannan ƙwaƙwalwa tana da shinge, ba kowane baƙo take bari ya shiga ba. Umma ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke dai tun kina ƙarama ba kya son a yabe ki."

Abin da suka tsinta ke nan daga bayanin minti ashirin.

Talata, 4 ga wata, 1:15 na rana

Bari in rubuta ainihin abin da muka yi, ko don in ji shi daga bakin da ba na Farfesa ba.

Iri uku na ƙwayoyin ƙarin ƙwaƙwalwa muke kiwo. Muna shuka su a faranti mai ƙananan gurabu casa'in da shida, layi-layi. Wasu layukan mun sa musu sinadaran da ake samu daga bitamin A. Wasu mun sa musu launin tsirrai: na karas, jan tumatir, da wani mai ruwan ƙwai da ke ɓoye a cikin ganye. Layi ɗaya kuma ba a sa masa maganin. Shi muke kira layin shaida, don da shi ake auna sauran. Duk kayan nan haske yana lalata su, shi ya sa nake aiki labule a sauke, kwalabe a nannaɗe da takardar alminiyom, sai wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa. Kullum in na fito waje sai na tsaya ina lumshe ido kafin in ga hanya.

Na bitamin A bai yi wani abin a zo a gani ba. A iri na farko ya rage musu gudu, suka miƙe hannuwa kamar za su natsu su zama ƙwayoyin kirki. Na biyu ko a jikinsu. Na uku ma ƙara yawa suka yi, 'yan banza. Wannan sakamakon Farfesa ko tari bai yi a kansa ba. Launin tsirran ne ya kashe tamanin cikin ɗari.

Doguwa, wadda teburinta ke kusa da nawa, muna cin abinci a baranda ta ce, "Ni fa launin nan ya ba ni mamaki. Ai ba ya narkewa a ruwa, ko? Ruwan narkarwa nawa kika sa?"

Na ce da ɗan yawa, don taurin kai gare shi.

"To ai kin sa wa layin shaida daidai wannan, shi kaɗai babu launi."

Na ce na sa mana.

Ruwan narkarwar nan mai warin tafarnuwa, idan ya yi yawa shi kansa guba ne ga ƙwayoyi. Shi ya sa ake sa wa layin shaida, don a san ba shi ya yi kisan ba. Kowa ya san wannan. Ɗalibin shekarar farko ya sani. To ita da wa take? Ta ci abincinta mana.

Laraba, 5 ga wata, 8:00 na safe

Littafin aikin bara yana durowar ƙasa. Ba ni da lokacin buɗe shi.

Laraba, 5:30 na yamma

Farfesa ya kawo mai ɗaukar hoto. Kafin in buɗe baki mutumin ya yaye labule, ya kunna farar fitila, wai duhu ya yi yawa. Ya warware takardar da ke jikin kwalba wai don launin ya fito da kyau. Haɗin da na yi mako guda ina lallaɓawa ya tafi a minti uku. Farfesa ya ari farar rigar Doguwa, ta ƙi haɗuwa a tumbinsa, ya riƙe karas a hannu yana murmushi. Daga gida ya taho da karas ɗin, a aljihu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutane fa za su daina zuwa asibiti."

Ya ce, "'Yata, kada ki raina wa jama'a hankali."

Alhamis, 6 ga wata, 7:00 na yamma

Yanzu kuma ƙwayar magani. Anti ta je kemis ta ce tana son bitamin A, mai kemis ya ce ai ya ji shirin, ya ɗauko mata mafi ƙarfi, ya ce a ba shi shida a rana. Shida! Allah ya isa tsakanina da mutumin nan. Bitamin A ba ya fita da fitsari, a hanta yake taruwa, kuma in ya yi yawa yana ƙara matsi a cikin kai. A kan da tuni babu sauran wuri.

Na ɗauke kwalbar na jefa a jakata. Anti ta biyo ni har bakin ƙofa.

"Ba ni."

"Anti, cutar da shi zai yi."

"Ke kika ce yana magani."

"Ni ban ce ba."

"To wa ya yi aikin? Ni?" Idonta ya kawo ruwa. "Kin san abin da likitan nan ya ce min? Ya ce za su buɗe masa kai, kuma zai iya farkawa bai san sunana ba. Ke ba ki da miji, ba za ki gane ba."

Na taho da kwalbar. Kemis ɗin a bakin layinsu yake, na san kafin in hau mota ta sayo wata.

Alhamis, 7:45 na yamma

Yau ma ban buɗe littafin ba.

Juma'a, 7 ga wata, 6:50 na safe

Na buɗe.

Juma'a, 11:00 na safe

Na fito da ƙwayoyi daga tukunyar sanyi na farkar da su. Doguwa ta tambaya na mene ne, na ce don kada su daɗe a kwance. Sai sun yi kwana goma kafin su yi ƙarfin da za a shuka su a faranti, sannan kwana uku da magani. Ashirin ga wata ke nan. Na ƙirga da yatsu sau biyu, ashirin dai yake fitowa, kuma sha uku ce za ta riga zuwa.

Don ba a rubuta abu a littafi ba, ba shi ne ke nuna ba a yi shi ba. Mutum yakan yi aiki ya manta bai rubuta ba. Ni ma mutum ce.

Lahadi, 9 ga wata, 4:20 na yamma

Yaya ya ce ba zai je tiyatar ba.

Muna zaune a falo, Umma a kan darduma, Anti a hannun kujerarsa. Tafin hannunsa ya koma ruwan lemo, haka tafin ƙafa. Ya ɗaga min su yana dariya, ya ce maganin ya fara kama jiki. Na ce launin karas ne kawai ya taru a fata, ko lafiyayye ya sha kofi takwas a rana haka zai koma. Na ce ƙarin ba ya jiran kowa. Na ce ranar tiyata ba a samun ta yadda ake so, wata biyu muka yi muna bin layi. Na ɗaga murya har Umma ta ce in tuna da wanda nake magana.

Na tuna. Ina da shekara tara Baba ya rasu. Da keken ɗinkin nan Yaya ya kai ni har inda na kai, kuma bai taɓa goranta min ba ko sau ɗaya.

Ya ce, "Wata guda kawai nake so a ba ni. In bai yi ba, su yanka."

"Yaya, ba ka da wata guda."

"To tsaya, Likita. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ba ni amsa tsakaninki da Allah. Tamanin ɗin nan ƙarya ne?"

Duk suka zuba min ido.

Na ce, "Ba ƙarya ba ne, amma a faranti ne."

"To shi ke nan. In ban yarda da aikin ƙanwata ba, da na wa zan yarda?"

Anti ta kawo abinci. Na ci.

Litinin, 10 ga wata, 12:30 na rana

Haushin kowa nake ji. Haushin Farfesa, da mai rediyo, da mai kemis, da mai karas da ya ce wa Anti gobe zai kawo mata har gida. Haushin Umma da ke ganin duk wanda ya sa farar riga ya san komai. Haushin Yaya da ya zaɓi ya yarda da ni. Wa ya aike shi?

Wayar ɗakin gwaji ba ta huta ba tun safe. Wata mata ta bugo tana tambaya ɗanye ake sha ko dafaffe, mijinta ne ba lafiya. Na ce ta kai shi asibiti. Ta ce, "To, amma ɗanye ko dafaffe?"

Talata, 11 ga wata, 9:00 na safe

Ƙwayoyin suna girma lafiya lau. Su ba abin da ya dame su.

Alhamis, 13 ga wata, 10:40 na safe

Likitan tiyata ya bugo min, don lambata ce a takardar. Ya ce sun shirya ɗaki, sun tanadi jini, ina majinyacin? Na ce ya fasa. Ya ce, "Shi ne na huɗu a makon nan. Duk rediyo suka ji." Bai san ni ce mai sunan ba, ko kuma ya sani ya yi min kara.

Na shiga banɗaki na kulle ƙofa. Ba kuka na yi ba. Na dai tsaya har mai shara ta buga.

Asabar, 15 ga wata, 5:00 na yamma

Kansa yana ciwo fiye da da. Ya yi amai sau biyu da safe. Anti ta ce ciwon ne ke fita.

Na same shi yana son zura zare a allura. Mutumin da yake zurawa yana hira, ko kallo ba ya yi. Sau biyar allurar tana faɗuwa daga hannunsa na dama. Ya ce hasken ɗakin ne. Na ɗauka na zura masa, ya karɓa bai dube ni ba. Yadin da ke kan keken na wata amarya ne, na ga layin ɗinkin ya karkace kamar na ɗan koyo.

Na ce, "Yaya, mu koma asibiti."

Ya ce, "Sai wata ya cika." Kalmar "cika" sai da ya neme ta.

Saura kwana biyar. Wataƙila na sa ruwan narkarwar a layin shaida, ban rubuta ba. Wataƙila ko ban sa ba, launin ne ya yi aikin. Kwana biyar ba wani abu ba ne.

Litinin, 17 ga wata, 2:10 na rana

Na shuka faranti uku. Layin launi. Layin da ba komai. Sai layi na uku, ruwan narkarwa shi kaɗai, daidai yawan da na sa bara.

Doguwa ta shigo ta tsaya a bayana tana karanta abin da na rubuta a murfin farantin. Na jira ta yi magana in samu wanda zan sauke wa. Sai kawai ta sa safar hannu, ta gyara min labule, ta riƙa miƙo min kwalabe. Wallahi da zagi na ta yi, da ya fi min sauƙi.

Laraba, 19 ga wata, 8:30 na safe

Ba a dubawa sai gobe. Na duba.

Alhamis, 20 ga wata, 9:15 na safe

Layin da ba komai: ƙwayoyi cike, sun hau kan juna. Layin launi: matattu, sun dunƙule suna yawo a saman ruwa. Layin ruwan narkarwa shi kaɗai: matattu, daidai da na launi. Saba'in da takwas a wannan, tamanin da ɗaya a wancan. Faranti uku, bakinsu ɗaya.

To bari in rubuta shi da hannuna. Bara ban sa wa layin shaida ruwan narkarwa ba. Na ƙara yawansa don launin ya narke, na manta ban bi layin shaida da shi ba. Ruwan ne ya kashe ƙwayoyin, karas bai taɓa kashe komai ba. Na ga shafin tun bakwai ga wata, gurbin da ya kamata in cike yana nan fari fat. Ranar Lahadin nan Yaya ya tambaye ni tsakanina da Allah, na ce ba ƙarya ba ne, na ci abincin matarsa na tashi.

Kwana goma sha uku ina zagin mai kemis.

Alhamis, 1:00 na rana

Na kai wa Farfesa hotunan. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Wa ya gani?"

"Ni da Doguwa."

"To ya tsaya nan. A sake gwajin a natse, sau uku, da wani ruwan narkarwar. Mako shida. Ba a yanke hukunci da faranti uku."

"Ranka ya daɗe, da faranti uku ka shiga rediyo."

Ya ce in iya bakina. Ya ce kuskuren nawa ne ba nasa ba, kuma in maganar ta fita, wuyana za ta hau. Ya ce yana tausaya min ne a matsayin uba. Na ce na gode, ina da wa, kuma hannunsa ya daina riƙe allura.

Gaskiyarsa ɗaya: kuskuren nawa ne. Shi ya fi ƙona min rai, a ce mutumin nan ya faɗi gaskiya kuma a kaina.

Alhamis, 7:30 na yamma

Na faɗa musu.

Ban zauna ba. Na nuna musu hotunan a waya, layi uku. Na ce wannan ba karas a cikinsa, ku duba, su ma sun mutu. Na ce ni na yi kuskuren, aikin banza ne, babu tamanin, babu ko ɗaya.

Umma ta ce, "Ko dai gajiya ce, 'yar nan? Ki sake dubawa."

"Umma, na duba."

Anti ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali. "Tun yaushe kika sani?"

Da na ce yau. Ai yau ɗin ma gaskiya ce. Na ce, "Tun bakwai ga wata nake zargi."

Na ga tana lissafi, leɓɓanta suna motsi. "Kafin ranar asibiti."

"E."

"Kika zauna a kujerar nan ya tambaye ki."

"E."

"Na zuba miki abinci."

Ba ta mare ni ba. Ta shiga kicin, muka ji tana jan buhun karas a ƙasa har waje, tana ja tana kuka.

Yaya ya karɓi wayar. Yana ta kallon hoton, wayar a hannunsa na hagu, na daman a kwance kan cinya. Sannan ya kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinsa har na manta. Ya ce, "Kira likitan."

Asabar, 22 ga wata, 11:20 na safe

An kwantar da shi. Sabon hoton kai ya nuna ƙarin ya ƙaru, ya danne inda ke motsa hannun dama. Gwajin jini ya nuna hantarsa ta wahala, sai an jira ta ɗan sauka kafin a yi aiki. Likitan ya ce zai matsa ya samo mana Alhamis.

Da aka kawo takardar amincewa, biro ya ƙi zama a hannunsa. Nas ta kawo tawada ya dangwala da babban yatsan hagu. Yaya da yake rubuta awon mutane da wani irin rubutu mai kyau, har masu kawo ɗinki suna yabawa.

Na bi likitan zuwa baranda na tambaye shi, da an yi ran sha uku fa? Ya ce ba ya son irin wannan tambayar. Na ce ni ina so. Ya ce, "Ran sha uku hannun yana aiki."

Litinin, 24 ga wata, 3:00 na yamma

Anti ba ta yi min magana. Idan na kawo abinci takan karɓa ta ajiye. Idan na zauna takan tashi. Ta yi daidai.

Alhamis, 27 ga wata, 8:05 na safe

Sun shiga da shi.

Alhamis, 3:50 na yamma

Awa bakwai. Ya fito da rai. Sun cire abin da ya ciru, saura gashin ƙarin da na'ura, da magani. Da ya buɗe ido Anti ta sunkuya ta ce, "Wace ce ni?" Ya ce, "Mai markaɗe." Ta yi dariya ta yi kuka ta kifa kai a gadon. Ni ina bakin ƙofa.

Asabar, 29 ga wata, 12:15 na rana

Shirin rediyon nan yana buɗe layi ga masu sauraro. Na buga sau goma sha ɗaya kafin ya shiga. Na faɗi sunana da inda nake aiki. Na ce ni na yi gwajin, gwajin kuskure ne, duk mai ƙari a kai ya koma wurin likitansa yau, kuma a daina shan ƙwayar bitamin A barkatai. Mai shirin ya fara cewa layin ba ya fita sosai. Na ce yana fita, ina jin ka rangaɗaɗau. Na maimaita sau biyu kafin ya katse.

Farfesa ya samu minti arba'in. Ni na samu ɗaya da rabi. Ban san ko matar nan mai tambayar ɗanye ko dafaffe tana kusa da rediyo ba.

Litinin, 31 ga wata, 8:20 na safe

Mai gadi ya ce an ce in ba da katin shiga. Doguwa ta fito min da takalmina da kofina a leda. Ta ce za ta riƙa ciyar min da ƙwayoyin. Na ce ta bar su su mutu. Ta ce a'a, na bitamin A ɗin nan na iri na farko aikin gaske ne, ƙarami ne amma na gaske, wani zai ɗora a kai. Sai motar da nake jira ta zo.

Laraba, 9 ga sabon wata, 10:30 na safe

Yau aka sallame shi. Anti ta sauka neman mota, Umma ta bi ta da kaya, aka bar ni da shi mu biyu, karo na farko tun ranar.

Mai gashin ƙashi ta ce ƙafar dama da ta yi masa nauyi za ta dawo. Hannun kuma ta ce a yi ta addu'a, kuma na san abin da suke nufi idan suka ce haka.

Yana zaune a bakin gado, ya zura rigarsa da ƙyar, gabanta a buɗe. Shi ya ɗinka ta. Ya kama maɓalli da hannun hagu, ya kuɓuce, ya sake kamawa. Na tsaya ina kallo, na kasa matsawa, na kasa fita.

Na ce, "Yaya, ka zage ni mana. Ka ce wani abu."

Ya ce, "Ina jin haushinki." A hankali maganar take fita yanzu, kalma-kalma. "Sosai. Ban san ranar da zai wuce ba."

Na ce to.

"Zo ki sa min."

Na durƙusa a gabansa. Maɓallai shida ne. Na fara da na sama.

Ya ce, "Daga ƙasa ake farawa, in ba haka ba sai ki tsallake ɗaya ba ki sani ba."

Na cire, na koma ƙasa. Ya zuba wa hannuna ido har na gama, yana ƙirgawa.